Inda Sol da Rok Suka Sake Haɗuwa: Sharhi Kan Kundin Love & Hate na Michael Kiwanuka

Waƙar da ta buɗe kundin Love & Hate na Michael Kiwanuka, wato Cold Little Heart, tana cin kusan minti goma, kuma sai mai sauraro ya yi haƙurin kusan rabin wannan lokaci kafin mawaƙin ya furta kalmarsa ta farko. Abin da ke fara shiga kunne shi ne tawagar masu gogen Turawa suna jan sauti a hankali, sai muryoyin 'yan amshi su taso daga nesa babu kalma ko ɗaya a bakinsu, sannan jitar lantarki ta shigo tana kuka a tsanake, tana riƙe kowane amo har sai ya kusa ƙarewa kafin ta saki na gaba. Ganga ba ta gaggawa. Sai an kusa minti na biyar kiɗan yake sauya taki, ya ɗan ɗaga ƙafa, muryar Kiwanuka mai ɗan kaushi ta shigo tana tambayar abokin zama ko ya taɓa son wannan tarayya da gaske. Duk wanda ya san tarihin kiɗan Amurka da Ingila zai ji abu biyu a cikin mintunan nan: rabin farko yana tuna masa da manyan ƙungiyoyin rok na shekarun 1970, rabi na biyu kuma yana mayar da shi ga mawaƙan sol, wato salon waƙar baƙaƙen fatan Amurka mai zafin muryar coci, na wancan zamani.

Kundin ya fito a watan Yulin 2016, yana ɗauke da waƙoƙi goma, kuma ya hau matsayi na ɗaya a jerin faya-fayan da aka fi saye a Birtaniya. Mai shi an haife shi a 1987, ya tashi a unguwar Muswell Hill da ke arewacin Landan, iyayensa kuwa 'yan Yuganda ne da suka bar ƙasarsu saboda mulkin Idi Amin. Kafin a san shi da waƙa, ya yi aikin kaɗa jita a bayan wasu mawaƙa, ya raka Adele a rangadinta na 2011, sannan ya zo na ɗaya a zaɓen sabbin mawaƙa na BBC na shekarar 2012, shekarar da ya fitar da kundinsa na farko mai suna Home Again. Wancan kundi na farko mai laushi ne, jitar katako ce da sarewa da murya a kwance, har ya sa aka dinga kwatanta shi da Bill Withers da Otis Redding, kwatancen da ya ɗaga sunansa amma kuma ya zame masa ƙangi, domin wanda aka riƙa kira magajin wani tun yana ɗan shekara ashirin da huɗu, da wuya a tsaya a ji abin da shi kansa yake faɗa. Shekara huɗu ya ɗauka kafin ya dawo, kuma a tsakani ya yi watsi da wani kundi da ya fara haɗawa.

Da Love & Hate ya fito, kalmar da ta fi yawo a bakin masu sharhi ita ce gauraye: an ce mawaƙin sol ya aro rigar rok, an ambaci ƙungiyar rok ta Ingila Pink Floyd da salon makaɗin jitarta David Gilmour, an yi mamakin yadda abubuwa biyu masu nisa da juna suka zauna lafiya a faifai ɗaya. A ganina wannan mamaki ya samo asali ne daga mantuwa. Sol da rok 'yan ɗaki ɗaya ne, kasuwa ce ta raba musu gado, kuma abin da Kiwanuka ya yi shi ne komawa wani ɗan taƙaitaccen lokaci, daga wajen 1967 zuwa 1973, lokacin da katangar da aka gina a tsakaninsu ta yi ƙasa har ana tsallakawa ta kowane ɓangare.

Tushen duka biyun yana cikin kiɗan baƙaƙen fata na kudancin Amurka, wato bulus na gonakin auduga da mashaya, da kuma waƙoƙin coci masu tafi da amshi. Kamfanonin faya-fayai sun daɗe suna ware waƙoƙin baƙaƙen fata a wani rukuni da suke kira faya-fayan launin fata, sai a 1949 mujallar Billboard ta sauya wa rukunin suna. Waɗanda suka fara fasa hanyar rok a shekarun 1950, irin su Chuck Berry da Little Richard, baƙaƙe ne, kuma tun kafin su Sister Rosetta Tharpe ta riga ta rataya jitar lantarki tana rera waƙoƙin coci da ita. Samarin Ingila da suka mamaye duniya da rok a shekarun 1960 ba su ɓoye inda suka koyo ba: Rolling Stones daga wata waƙar Muddy Waters suka samo sunansu, Pink Floyd ɗin da aka ce Kiwanuka ya kwaikwaya kuwa sunayen makaɗan bulus biyu ne aka haɗa, Pink Anderson da Floyd Council. A ɗaya ɓangaren, sol ya taso ne lokacin da mawaƙa irin su Ray Charles da Sam Cooke suka ɗauko zafin muryar coci suka zuba shi a kan waƙoƙin soyayya da rayuwar duniya, daga nan kamfanin Motown da Berry Gordy ya kafa a Detroit a 1959 da kamfanin Stax na Memphis suka mayar da shi sana'a mai ƙarfi. Ko a cikin Stax ɗin, makaɗan gida da ke bayan Otis Redding gauraye ne, biyu baƙaƙe biyu farare, a birnin da wariyar launin fata take da ƙarfi.

Akwai wani ƙaramin labari da ya fi dogon bayani nuna kusancin nan. A 1965 Rolling Stones suka yi waƙar Satisfaction, wadda ke farawa da wani sautin jita mai kaushi kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Makaɗin jitarsu Keith Richards ya sha faɗa cewa shi kakaki da ƙahoni yake ji a kansa a wannan wuri, jitar ta tsaya ne a madadinsu kafin a samo masu busa. A wannan shekarar Otis Redding ya sake rera waƙar a Stax, ya kuma ba masu busa ainihin layin. Ke nan sautin da daga baya ya zama tambarin rok ya fara ne a matsayin kwaikwayon busar sol. Shekara biyu bayan haka, a bikin kiɗa na Monterey na 1967, Otis Redding da Jimi Hendrix suka hau dandali ɗaya a gaban taron da galibinsa farare ne, kuma Hendrix ɗin nan ya yi wa Isley Brothers da Little Richard kiɗa kafin ya tafi Landan a 1966 ya zama sarkin jita.

Daga nan ne zamanin da Love & Hate yake kallo ya fara. A Motown, furodusa Norman Whitfield ya ɗauki ƙungiyar Temptations, wadda aka sani da gajerun waƙoƙin soyayya da rawa cikin kwat, ya cika musu kiɗa da jita mai kuka da amsa-kuwwa, har ta kai a 1972 sun yi Papa Was a Rollin' Stone, wadda a faifai take cin kusan minti goma sha biyu kuma sai an yi kusan minti huɗu kafin wani ya yi magana. A Stax, Isaac Hayes ya fitar da Hot Buttered Soul a 1969, kundi mai waƙoƙi huɗu kacal, na farkon su minti goma sha biyu ne na goge da 'yan amshi mata da jita mai kaushi. A 1971 ƙungiyar Funkadelic ta buɗe kundinta Maggot Brain da minti goma na jitar Eddie Hazel kusan ita kaɗai tana makoki, a shekarar da Marvin Gaye ya fitar da What's Going On, inda waƙoƙi ke kwarara cikin juna kamar hira ɗaya. Idan aka ajiye Cold Little Heart kusa da waɗannan, doguwar shimfiɗar da ke gabanta ba ta buƙatar a je Ingila neman asalinta. Babu musu akwai inuwar Pink Floyd a yadda jitar ke shawagi a sararin da babu komai, amma zubin waƙar, wato goge da amshi su share fage na tsawon lokaci kafin murya ta zo kamar baƙon da aka daɗe ana jira, na gidan Isaac Hayes ne.

Yana da kyau a tsaya a kan abin da ake nufi da tsohon sauti, domin ba a karin waƙa kaɗai yake zaune ba, yana cikin jikin amon kansa. A situdiyon shekarun 1960 da farkon 1970 ana naɗar sauti ne a kan tef mai maganaɗisu, shi kuwa tef idan aka matsa masa da ƙara yakan danne kaifin sautin ya tausasa shi, abin da makaɗa ke kira ɗumi. Ganguna ana lulluɓe su da tsumma domin su yi gajeren amo busasshe, makirfo kaɗan ne a ɗaki, saboda haka sautin wannan kayan kiɗa yakan ɗiga cikin na wancan, sai a ji kamar mutane ne a ɗaki ɗaya suna kallon juna. Kaushin jita kuma yana fitowa ne daga wani ƙaramin akwati da mai kiɗa ke takawa da ƙafa, wanda ke karya siginar lantarki da gangan har amon ya yi gashi-gashi ya kuma daɗe bai mutu ba. A yau ana iya samun duk wannan ta hanyar tsofaffin na'urori ko ta manhajar kwamfuta da ke kwaikwayonsu, kuma hakan ne ya sa tsohon sauti ya zama abu mai arha: kowa na iya sayen ɗumin 1971 ya shafa wa waƙar da babu komai a cikinta. Don haka jin ƙamshin da a faifai bai isa hujjar inganci ba, sai an duba me aka yi da shi.

A nan ne aikin furodusoshin kundin yake da muhimmanci. Paul Butler, wanda ya haɗa masa kundin farko, yana da hannu a wasu waƙoƙi, amma ginshiƙan aikin su ne Inflo, wani matashin furodusa ɗan Landan, da Danger Mouse, Ba'amurken da sunansa ya fito a 2004 lokacin da ya ɗauki muryar Jay-Z ya ɗora ta a kan gutsattsarin kiɗan Beatles, sannan ya yi fice da ƙungiyarsa ta Gnarls Barkley da kuma aikinsa tare da ƙungiyar rok ta Black Keys. Mutum ne da ya koyi tsofaffin faya-fayai da kunnen mai kiɗan gambarar zamani, wato kunnen da ke neman daƙiƙa huɗu masu daɗi a cikin tsohuwar waƙa domin ya yanko su ya riƙa juya su. Wannan tarbiyya tana bayyana sarai a waƙar da kundin ya ci sunanta. Love & Hate tana farawa da wani ɗan gajeren amshi marar kalmomi, kuma amshin nan ba ya sauyawa har tsawon minti bakwai; ganga ta zauna a taki ɗaya, kayan kiɗa suna hawa ɗaya bayan ɗaya, goge ya zo, murya ta yi ta nanata cewa ba za a karya ta ba, har a ƙarshe jitar Kiwanuka ta ɓarke da kuka mai kaushi a kan wannan amshi da bai gusa ba. Mawaƙan Motown na farkon 1960 ba haka suke gina waƙa ba, su baiti ne da amshi da gada, cikin minti uku an gama. Wannan gini na juyi a wuri ɗaya ana ƙara nauyi, na mutanen da suka tashi da jin tsohon sol a yanke cikin waƙoƙin gambara ne. Shi ya sa kundin, duk da tsufan amonsa, ba zai yiwu a ce an yi shi a 1972 ba.

Waƙa ta biyu, Black Man in a White World, wato baƙin mutum a duniyar farare, ita ce ta fi bayyana dalilin da ya sa Kiwanuka ya koma wancan zamani. Tana farawa da tafi kawai da murya, babu ganga babu jita, irin yadda waƙoƙin aikin gona da na coci suke a kudancin Amurka, mai bayarwa ya faɗa 'yan amshi su karɓa. Jimlar da ke cikin sunan waƙar ana maimaita ta har sai ta daina zama bayani ta koma kamar bugun zuciya, sannan jita mai tsalle da bas su shigo, goge ya riƙa hawa sama yana ƙara matsi. Wanda ya ji sunan zai zaci waƙar zanga-zanga ce, alhali kuwa baitocinta na mutum ne mai ruɗani, yana cikin soyayya amma yana baƙin ciki, ya sami kwanciyar hankali amma bai yi murna ba. Kiwanuka ya sha bayyana cewa ya girma yana jin bai cika zama ɗan ko'ina ba: a unguwarsu ta masu hali galibi farare ne, a Yuganda ana kallonsa ɗan Ingila, a harkar kiɗa kuma ana mamakin baƙin saurayi mai jita da son rok, yayin da masu zuwa kallonsa mafi yawansu farare ne. Ga mai irin wannan damuwa, shekarun Hendrix da Sly Stone da Curtis Mayfield hujja ce a hannu, domin lokaci ne da baƙin mawaƙi zai taka akwatin kaushi ya saki jita ta yi ruri, ya kira masu goge talatin, ya yi maganar halin da mutanensa ke ciki, kuma babu mai ce masa ya shiga gonar wani. Ina ganin wannan ne ya bambanta kundin da yawancin aikin waiwaye: tsohon sautin yana amsa wata tambaya da ke ci wa mawaƙin tuwo a ƙwarya.

Kwatanci zai ƙara fito da hakan. Amy Winehouse a Back to Black na 2006 ta ɗauko sautin ƙungiyoyin 'yan mata na farkon 1960, tare da makaɗan Dap-Kings na New York, ta zuba masa kalmomi masu zafi na rayuwar Landan ta yau, kuma ƙarfin aikin yana cikin karon da ke tsakanin tsaftar kiɗan da ɗacin maganar. Leon Bridges a Coming Home na 2015 ya bi sawun Sam Cooke sau da ƙafa, har da sutura da hoton bangon faifai, aiki mai kyau amma wanda ya fi kusa da gidan tarihi. Shi kansa Home Again yana da wannan rauni. Love & Hate ya zaɓi wani yanki na tarihin sol da masu waiwaye suka fi kaucewa, domin yana da tsada, yana da tsawo, kuma rediyo ba ta son sa.

Wannan ba ya nufin kundin ba shi da aibi. A tsakiyarsa akwai waƙoƙi irin su One More Night da I'll Never Love waɗanda, duk da daɗinsu, sun koma zubin da aka saba, kuma idan aka ji su bayan manyan waƙoƙin farko sai su zama kamar hutu. Kalmomin Kiwanuka ma sau da yawa a fili suke ƙwarai, soyayya da ƙiyayya da tsoro da kaɗaici, ba shi da kaifin ido irin na Bill Withers wanda zai ɗauki hannun kakarsa ya gina waƙa guda a kai. A wasu wurare goge da amshi ne ke ɗaukar nauyin da ya kamata baiti ya ɗauka. Sai dai a inda ya bar jita ta yi magana, wannan gibi yana rufewa. Waƙar ƙarshe, The Final Frame, tafiyar hawainiya take yi irin ta tsofaffin waƙoƙin rabuwa na Memphis, muryar tana faɗin abin da za ta iya faɗa sannan ta ja baya, jitar ta karɓa da amo mai kauri tana lanƙwasa kowane sauti kamar mai shessheka. Mutumin da ya fara rayuwar kiɗa a matsayin makaɗi kafin ya zama mawaƙi, a nan ake gane shi, kuma Father's Child da ke gabanta, mai neman shiriya daga Ubangiji, ta nuna cewa jijiyar coci da sol ya fito daga cikinta ba ado ba ce a wurinsa.

Abin da ya faru da Cold Little Heart bayan fitarta ya nuna irin kasuwar da kundin ya shigo. A 2017 tashar HBO ta Amurka ta ɗauke ta a matsayin taken shirinta Big Little Lies, kuma ta wannan hanya ce miliyoyin mutane suka fara jin sunan Kiwanuka. Amma abin da suka ji shi ne ɓangaren da murya take, an yanke doguwar shimfiɗar gaba ɗaya, haka ma sigar da aka rarraba wa gidajen rediyo. A zamanin da ake sauraron waƙa ta intanet, inda yatsa ke kan allo yana shirin tsallakawa cikin daƙiƙa kaɗan, rabin waƙar da ya fi kama da rok, wanda kuma shi ne ya fi bayyana gadon Isaac Hayes da Eddie Hazel, shi aka fara zubarwa, aka bar rabin da ya dace da hoton da aka riga aka yi wa mawaƙin, na mai sanyin murya irin na da. Wanda ya san waƙar ta talabijin kawai ya san mawaƙin sol. Sai wanda ya zauna da faifan daga farko zai ji abin da minti biyar ɗin nan suke yi wa muryar idan ta iso, yadda take zuwa da nauyin jiran da aka yi mata.

Kiwanuka bai ja da baya ba a kan wannan hanya. A watan Nuwamban 2019 ya fitar da kundi na uku tare da Danger Mouse da Inflo, inda jitar ta ƙara kaushi, waƙoƙin suka riƙa shiga cikin juna babu tsayawa, aka kuma saka muryoyin masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata na Amurka a tsakaninsu. Wannan kundi ne ya ci kyautar Mercury ta 2020, wadda ake ba kundin da ya fi fice a Birtaniya da Ireland, bayan kundayensa biyu na farko sun shiga jerin 'yan takara ba su samu ba. A farkon tafiyarsa an taɓa ba shi shawarar ya sauya suna domin nasa zai yi wa masu saye wuyar faɗa, sai ga shi ya rubuta sunan nan na Yuganda da manyan baƙaƙe a matsayin sunan kundin, tare da hotonsa sanye da kayan sarauta a bangon faifan.